Kafireta sabuwa, famfon injekta: yadda aka daidaita firesha a wata Fijo 504 a Kano

Motar Fijo 504 ce salun, mai injin lita 2, haɗin Kaduna. Kamfanin PAN ya fara haɗa Fijo a can a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina yin salun ɗinta a 1983, shi ya sa har gobe ba a rasa wanda ya san cikinta a garejojin Kano. Wannan ɗin ta gado ce. Mai ita ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ta mahaifinsa ce, ta daɗe a rufe da tamfol a ƙofar gida. Da ya fito da ita ba abin hawa yake nema ba, yana da wata. So yake ta yi kyau, ta kuma yi gudu. Aka sauke inji aka sa sababbin fistin da ringi, aka kankare tof kaɗan, aka faɗaɗa salansa. Daga nan aka cire kafiretar Solex da ke kanta, aka ɗora Weber 32/36 da ya yo oda, a kan wani faranti da aka yanka mata.

Famfon mai na asali, wanda kamshaf ke bugawa, fatarsa ta riga ta tsage. Wanda aka samo a kasuwa bai je ko'ina ba ya fara zubar da mai. Sai aka toshe gurbinsa, aka je Ƙofar Ruwa aka sayo famfon lantarki ɗan Beljiyam da aka ciro daga motar injekta, aka ɗaura shi a ƙarƙashin mota. Wanda ya yi aikin ya san famfon ya fi ƙarfin kafireta, don haka ya sa mahaɗa mai baki uku a kusa da ita: baki ɗaya na shigowar mai, ɗaya na zuwa kafireta, na ukun kuma ya jona shi da wani siririn bututun ƙarfe da ya tarar ya bi ƙarƙashin mota zuwa tanki. Nufinsa rarar man ta koma inda ta fito. Dabarar ba ta banza ba ce, ita ce ma ta sa motar ta iya tafiya tun farko. Sai dai ba wanda ya auna ya ga nawa ne ya rage yana danna kafireta.

Ƙorafin da aka zo da shi

Mota tana tashi, tana tafiya, amma ba ta da lafiya. Da safe baƙin hayaƙi, silo yana hawa yana sauka, warin fetur har cikin mota. In ta shiga cunkoson 'Yan Kura ko na Ƙofar Wambai ta daɗe a tsaye sai ta mutu, ba kuma za ta sake tashi ba sai an danne totur har ƙasa an yi ta murza makulli. Fulogi ba sa daɗewa sun yi baƙi ƙirin. Shan mai kuwa ba a magana, kuma tun da aka janye tallafi a ƙarshen watan Mayun 2023 ba mai motar da ke ɗaukar wannan da wasa.

Ta bi ta hannun mutum biyu kafin ta iso inda aka gyara ta. Na farko da ya ga obafulo, wato ambaliyar mai a kafireta, sai ya buɗe ta ya lanƙwasa harshen fulota, abin da ke yawo a kan mai a cikinta, don ta riƙa rufe mai da wuri. Ambaliyar ta ɗan lafa, amma wata cutar ta ɓullo: in an hau titi an taka, ko an sha kwana da ɗan gudu, sai ta riƙa fizga tana neman ɗaukewa. Na biyu ya gane cewa firesha, wato ƙarfin da famfo ke turo mai da shi, ce ta yi yawa, kuma ya yi gaskiya. Sai ya sayo ƙaramar regileta mai sheƙi, wato na'urar rage firesha, irin mai kan murɗawa da lambobi 1 zuwa 5, ya saka ta a gaban kafireta, ya toshe layin ritan, wato bututun da ke mai da rarar mai tanki, da ƙusa don a ganinsa aikinsa ya ƙare. A ranar famfo ya fara kuka, ya yi zafin da ba a iya dafa shi, regiletar kuma ta fara tsattsafo da mai ta gefen murfinta. Allah ya sa mai motar ya ji wari a daidai Kabuga ya tsaya ya kashe ta. Janye ta aka yi zuwa garejin wani dattijo a wajen Ƙofar Ruwa, wanda ya yi zamanin da 504 ce tasi, ita ce motar gwamnati, ita ce ta 'yan kasuwa.

Abin da geji ya nuna

Dattijon bai taɓa kafireta ba. Gejin baƙin mai ya fara zarowa, ya duba, ya shinshina, ya miƙa wa mai motar.

"Alhaji, shinshina. Ka ƙara mata baƙin mai ne bayan an haɗa inji?"

"Ban ƙara ba, Baba."

"To ga shi ya haura layi. Fetur ne ya gangara ciki."

Wannan ya fi duk sauran ƙorafin muni, kuma shi ne wanda mai motar bai sani ba. Man da ya yi yawa ba duka yake ƙonewa ba. Wani yana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya zurara ta gefen ringi zuwa cikin inji, ya tsinka baƙin man ya zama ruwa-ruwa. A injin da aka sa wa sababbin ringi, waɗanda ba su gama zama ba, wannan hanya ce ta cinye aikin da aka kashe wa kuɗi cikin 'yan watanni.

Sannan ya cire regileta mai sheƙin, ya zare ƙusar da aka toshe ritan da ita, ya mai da komai yadda yake a da, ya saƙala gejin firesha a tiyon da ke shiga kafireta. Gejin ƙarami ne, daga 0 zuwa 15 psi, ma'aunin firesha. Wannan ma abin lura ne, don yawancin wanda za ka samu a gareji na injekta ne, mai kaiwa 100, kuma a fuskarsa ba ka bambance 3 da 6, duk allura tana kwance a gindi. Aka kunna famfo. Allura ta tsaya a 7 da rabi.

Weber irin wannan kusan 3 psi take so, kada ta wuce 3 da rabi. Wato kwatankwacin 0.2 na bar. Motar injekta kuwa yawanci a kan bar 3 take aiki, psi 43 da rabi ke nan, kuma famfonta in aka toshe masa hanya yana iya haura haka da nisa kafin ya gaji.

Dalilin da kafireta ba ta son firesha yana cikin yadda take riƙe mai. Tana da ɗan kwano da mai ke taruwa, da fulota da ke yawo a kansa, da allura da ke toshe ƙofar shigowa, kamar dai fulotar tankin ruwa na saman gida: in ya cika ta taso ta rufe, in ya ragu ta sauka ta buɗe. Inji ba ya buƙatar a tura masa mai, iskar da yake zuƙa ce ke jawo shi daga kwanon ta cikin jet, 'yan ƙananan ramukan da ke ƙayyade yawan mai. Aikin famfo kawai ya cika kwano. Ƙarfin da ke rufe allurar kuwa ba wani abu ba ne illa ɗagawar da mai ke yi wa fulota. Ramin da allura ke toshewa milimita 2 ne. A psi 3, man da ke bayanta yana tura ta da nauyin da bai kai giram 7 ba. A 7 da rabi, ya haura giram 16. Kafin fulota ta samu ƙarfin rufewa sai ta ƙara nutsewa, wato sai mai ya ƙara hawa a kwano. In ya hau, sai ya fara ɗiga ta bakin da ke cikin maƙogwaron kafireta ko ba a taka totur ba. Ƙara da girgizar inji da ramukan titi, allura tana ɗan ɗagawa mai yana kutsowa. Dattijon ya cire murfin iska ya haska fitilar waya a maƙogwaron, ga ɗigon nan yana sauka ɗaya bayan ɗaya a kan farantin totur, inji yana silo.

Ba kowace kafireta ce haka ba. Manyan nan na Amurka, irin su Holley masu maƙogwaro huɗu, suna aiki a kan 5 zuwa 7. Abin da ya kashe wannan motar, a kan wata daidai ne. Shi ya sa maganar "firesha ta kafireta" a dunƙule ba ta wadatar, sai an faɗi wace kafireta.

Regileta iri biyu ce, kuma ba a musanya su

Mai sheƙin da aka sa da farko irin mai tarewa ce. Ƙofa biyu gare ta, shiga da fita. A ciki akwai fata da sifirin. In firesha ta ɓangaren kafireta ta kai inda aka saita, sai ta rufe hanya, famfo ya tsaya yana dannawa a bayanta. Wannan yana yi in famfon na kafireta ne, wanda ƙarfinsa bai wuce psi 7 ko 14 ba kuma an ƙera shi ya jure tsayawa. Famfon injekta ba haka yake ba. Man da ke ratsa cikinsa shi ke sanyaya shi, shi ke masa maiƙo. In ka tare shi, ka hana shi sanyi, ka kuma ɗora wa 'yar fatar regileta nauyin da ya ninka abin da aka yi ta dominsa sau da yawa. Kukan famfo da tsattsafon da aka gani ke nan.

Ɗayar mai ritan ce. Ita ba ta tare mai, buɗe masa hanyar komawa tanki take yi. Mai yana shigowa, abin da kafireta ke so ya wuce mata, da zarar firesha ta kai inda aka saita sai sifirin ya ɗaga, rarar ta koma. Famfo yana ta gudu ba ya shaƙewa, mai yana ta zagayawa.

Ni a ganina, da tun farko aka nemi ƙaramin famfon lantarki na kafireta mai ba da psi 3 zuwa 4, da duk wannan bai taso ba, kuma ga mai motar da ke son sauƙi har yanzu ita ce shawarar da zan bayar. Dattijon ma ya faɗa masa haka. Amma ya kawo dalilai biyu da suka sa bai matsa a canza ba. Na ɗaya, famfon injekta ɗan Beljiyam ko yau ya mutu za ka samu wani a Ƙofar Ruwa kafin la'asar, na kafireta mai kyau kuwa sai an yi oda, wanda ke kan tebur ba ka san ranar da zai ajiye ka ba. Na biyu shi ne zafin Kano. Fetur gauraye ne, sassansa mafi sauƙi suna fara tafasa tun wajen digiri 35 zuwa 40. A watan Afrilu iskar gari ma tana kaiwa 40, balle ƙarƙashin bonet a cunkoso. Man da ke tsaye a tiyo mai ƙaramar firesha yana iya zama tururi, kafireta ta samu iska a maimakon mai, mota ta mutu a tsakiyar titi. In mai yana zagayawa, kullum wanda ke isowa sabo ne daga tanki, tururin da ya taso kuma ya bi ritan ya tafi.

Wajen saye sai da aka yi hattara. Da yawa daga cikin masu ritan ɗin an yi su ne don manyan kafiretocin Amurka, daga 4.5 suke farawa zuwa 9, komai sassautawa ba sa sauka inda Weber ke so. Na injekta kuma, waɗanda suka cika kasuwa, ba su da amfani a nan sam. Sai da aka samo wadda sifirinta ke iya sauka ƙasa da 3.

Gardamar tanki

A nan aka ja. Dattijon ya ce sai an sauke tanki an ja sabon layin ritan mai faɗi. Mai motar ya ce ai akwai ritan, ga shi nan yana aiki, kuma bai ga dalilin ƙarin kuɗi ba bayan ya sayi regileta mai tsada.

"Baba, ba ita ce aikinta ta rage firesha ba?"

"Ita ƙofa kawai take buɗewa, Alhaji. In lungun da ke bayan ƙofar ya matse, me za ta yi?"

Bai tsaya jan magana ba, gwadawa ya yi. Ya ɗaura regiletar na wucin gadi, ya jona ritan ɗinta da siririn bututun nan, ya sassauta sukurun saiti har ya kusa fita. Geji ya nuna 7. Ya ƙara sassautawa, 7 dai. Sai ya kashe famfo, ya zare tiyon ritan daga bututun, ya sa yaro ya riƙe bakinsa a cikin jarka, wani yaron kuma yana tsaye da abin kashe gobara. Aka kunna. Allura ta faɗo ƙasa da 2. Mai motar ya duba geji, ya duba jarka, ya ce a sauke tanki.

Tun da jarka na hannu, aka auna abin da famfon ke fitarwa: lita 1 cikin daƙiƙa 24, wato lita 150 a awa. Injin da ƙarfinsa bai wuce doki 110 ba, ko an take totur har ƙasa, abin da zai sha bai fi lita 35 a awa ba. A silo kuwa wajen lita 1 ne. Ma'ana a tsaye kusan duk abin da famfo ya turo sai ya koma, kuma ta bututun milimita 6 ake so ya koma, wanda cikinsa bai kai 5 ba, tsawon wajen mita huɗu da lanƙwashe-lanƙwashe. Tura wannan yawan man ta wannan hanyar shi kansa yana cin psi 7. Wannan shi ne kusan duk 7 da rabin da aka gani tun ranar farko. Regileta mai ritan ba ta iya sauka ƙasa da abin da layin komawarta ya yarda. Kuma faɗin bututu ba a hankali yake aiki ba: daga mai milimita 6 zuwa mai 10, tirjiyar tana raguwa fiye da sau goma. Ƙa'idar da ake bi ita ce kada ritan ya gaza layin zuwa faɗi, in ya fi ma ya fi.

Yadda aka haɗa

Aka cire kan batir kafin komai. Aka juye man tanki, aka sauke shi, aka wanke. Abin da ya fito na tsatsa da yashi ya isa ya toshe filta uku, wani na shekarun da ta yi a ajiye ne, wani na man bumburutu. Ba a kai wuta kusa da tankin ba. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari, don tururi ne ke fashewa. Farantin da gejin mai ke jikinsa aka kwance, aka kai shi can nesa aka huda, aka like masa bututu mai milimita 10 da ya sauka har kusa da gindin tanki, bakinsa yana kallon nesa da inda famfo ke zuƙa. In aka bar ritan yana zubowa daga sama, kumfa yake tayarwa, famfo ya zuƙi kumfar, firesha ta riƙa rawa. An kuma busa hanyar numfashin tanki an tabbatar a buɗe take.

Famfon an sauko da shi. Da can an ɗaure shi ne sama da tanki, ga nisa. Famfon lantarki gwanin turawa ne, ba gwanin zuƙa ba, don haka aka mai da shi dab da tanki, ƙasa da inda mai ke tsayawa, a kan roba. A gabansa filta mai manyan ƙofofi, wajen maikiron 100, don ta tare yashi ba tare da ta shaƙe shi ba. A bayansa wata mai laushi, ta ƙarfe. 'Yar filtar roba mai haske da ake sayarwa a bakin titi ba ta shiga wannan layin ba.

Tiyo duk an canza. Wanda aka tarar akwai guntun da ko na mai ba ne, ya kumbura ya yi laushi. A jikin tiyon kirki akwai rubutu: J30R7 na ƙaramar firesha ne, J30R9 na injekta ne kuma ya fi jure man da aka gauraya da sinadarai. Wanda ya tuna gurɓataccen man da aka shigo da shi a watan Fabrairun 2022, mai yawan methanol, ya san ba kullum ne abin da ke tanki yake zama abin da aka ce ba. Dattijon ya sa R9 a ko'ina, har ritan, da hujjar cewa ranar da wani abu ya toshe layin komawa, duk ƙarfin famfo a kan tiyo zai sauka. Dogayen layukan na ƙarfe ne, an kafe su a jikin mota da maƙalai masu roba, nesa da salansa da duk abin da ke juyawa. Kowane baki da kilif ɗinsa. Waya da aka murɗa da filaya ba kilif ba ce.

Regiletar kanta a jikin fenda ta ciki aka kafe ta, ba a kan inji ba, don girgiza kada ta riƙa kaɗa sifirin, kuma a ɓangaren da ba na salansa ba. Tsakaninta da kafireta tiyo bai kai kamu biyu ba, da ɗan sassauci saboda inji yana motsi. Nisa a nan ba shi da amfani: abin da ake so a sani shi ne firesha a bakin kafireta, ba a wani wuri can baya ba.

Wurare biyu yaran gareji suka so yin abin da hannu ya saba, aka hana su. Ɗaya ya ɗauko farin tef na masu famfo zai naɗa wa zaren mahaɗa. "Kai, ajiye wannan, ba famfon banɗaki ba ne." Tef ɗin yana yagewa in an ɗaure, ɗan zare ɗaya in ya bi mai ya maƙale tsakanin allura da mazauninta, obafulo ya dawo kuma ba mai gane daga ina. Man liƙi na ruwa mai jure fetur aka shafa, kaɗan, aka bar zaren farko biyu babu komai. Na biyu shi ne wani ɗan ƙaramin baki a saman regiletar, wanda yaro ya ga a buɗe ya ɗauka mantuwa ce, zai jona shi da tiyon iska na manifol, hanyar da inji ke zuƙar iska da mai daga kafireta. Wannan bakin na motoci masu tabo ne, na'urar da ke tura wa inji iska da ƙarfi, inda ake so firesha ta hau tare da iskar da ake turawa. A inji irin wannan a buɗe ake barinsa, ba a jona shi, ba a toshe shi. In ka jona da manifol, firesha za ta riƙa faɗuwa a silo tana tashi in an taka, saitinka ya tashi a banza.

Wayarin ma sai da aka sake. An tarar an ɗauko wutar famfo daga jikin kwayil da siririyar waya, ba fis. Aka ja waya mai kauri daga batir ta fis da rile. Sannan aka sa makunni mai aiki da firesha ta baƙin mai, mai ƙafa uku: yana ba famfo wuta lokacin da ake murza makulli, yana ci gaba da ba shi muddin inji na juyawa, inji na mutuwa ya yanke. Mai motar ya so kada a sa wannan. Amma famfon asali inji na tsayawa shi ma ya tsaya, na lantarki kuwa ba ruwansa. In aka yi haɗari tiyo ya tsinke makulli na kunne, lita 150 a awa zai ci gaba da zubarwa a ƙarƙashin mota.

Sai bayan duk wannan aka buɗe kafireta. Allurar ta yi zobe a bakinta saboda dannawa, aka canza ta da mazauninta. Fulotar ta tagulla ce, aka mai da harshenta inda takardar kamfani ta ce, milimita 41 daga fuskar murfi, an riƙe murfin a tsaye yadda harshen zai taɓa allura kawai ba tare da ya danne ta ba. Aka juye baƙin mai aka canza filtarsa, aka sa sababbin fulogi.

Saiti da gwaji

Kafin a tayar da inji an ba famfo wuta kai tsaye, aka bi kowace mahaɗa da farar takarda ana dafawa. Guda ta jiƙa, aka ƙara ɗaurewa. Aka tayar, aka bari ta yi zafi, aka sassauta notin kulle, aka riƙa murza sukurun kaɗan-kaɗan: dama ƙari, hagu ragi. A 3 aka tsaya aka kulle, aka sake dubawa don ɗaure noti kan ɗan motsa saiti. Ɗigon maƙogwaro ya ɗauke. Sukurun gaurayen silo, wanda a da ko ka murɗa shi har ƙarshe inji bai san ana yi ba, yanzu rabin juyi yana canza murya. Wannan ita ce alamar da dattijon ya fi yarda da ita.

Firesha a tsaye rabin labari ce, sai an ga abin da take yi in inji na jan kaya. Ba a shigo da tiyon mai cikin mota don a ga geji. Aka ƙara masa tsawo, aka fito da shi ta bayan bonet, aka manne shi da tef a gindin gilashi ta waje. Aka fita ta titin Gwarzo da sassafe kafin motoci su yi yawa. A giya uku, totur a ƙasa, maƙogwaro na biyu na kafiretar ya buɗe, allura ta sauka 2 da rabi ta zauna a nan. Fizgar ta tafi.

Da rana kuma wani abu ya so ya ruɗa su. Bayan an zagaya cikin gari an dawo, gejin da aka bari a jikin regileta ya nuna 1 da rabi, mota kuwa lafiyarta ƙalau. Yaro har ya ɗauko sifana zai ƙara. Dattijon ya ce ya taɓa gejin tukuna. Zafi ƙau. Irin mai ruwa a ciki ne, a rufe ruf. In ya yi zafi, abin da ke cikin gidansa yana kumbura ya danne allura ta nuna ƙasa da gaskiya. A gejin injekta psi 1 ko 2 ba a ma ganinsu, amma a nan rabin abin da ake aunawa ne. Ya ɗaga 'yar robar da ke samansa, iska ta fita, allura ta koma 3. Da an bi ta an ƙara, da safe in gejin ya huce za a tarar da 4 da rabi a bakin kafireta. Daga ƙarshe cire shi aka yi aka toshe gurbin, ya koma akwatin kayan aiki.

Bayan mako biyu motar ta dawo a duba. Fulogi sun yi ruwan ƙasa, baƙin mai yana kan layinsa ba wari, ba ta sake mutuwa a cunkoso ba. Abu biyu suka rage. In aka ajiye ta da zafi na ɗan lokaci, kamar a shiga masallaci a fito, sai an ɗan murza kafin ta kama, don zafin manifol yana hawa ya tafasa man da ke kwano bayan famfo ya tsaya. Regileta ba ta da abin yi a nan, faranti mai hana zafi za a sa a ƙarƙashin kafireta, an yi odarsa. Sannan jet ɗin da Weber ɗin ta zo da su ba don wannan injin aka zaɓe su ba, kuma sai yanzu da mai ya tsaya a inda ya kamata a kwano ne za a iya sanin ko sun yi yawa ko sun yi kaɗan. Dattijon ya ce a bari ringi su gama zama, a canza baƙin mai karo na biyu, sannan a zo a zauna a kansu.